Daga Jidda Zuwa Thuwal: Jami'ar Da Ke Biyan Ɗalibi Ya Yi Bincike

Duk Bahaushen da ya taɓa sauka a filin jirgin sama na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, hanya biyu ya sani, ta Makka da ta Madina. Alhazanmu da masu Umra da 'yan kasuwar da ke saro dogayen riguna da turare a kasuwar Balad sun haddace su sarai. Amma a kan titin da ya miƙe arewa daga Jidda, tafiyar kusan kilomita 80, akwai wani zango da motocin alhazai ke wucewa a guje, babu mai waiwayarsa. Sunansa Thuwal, tsohon ƙauyen masunta ne a gaɓar Bahar Maliya. A gefensa aka gina Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sarki Abdullah, wadda duniya ta fi sani da KAUST.

Ɗan ƙanwata ne sanadin zuwana. Yana digirin digirgir a can, a fannin makamashin hasken rana. Da ya ji zan zo Umra sai ya matsa lallai in leƙa shi. Ya ce, "Kawu, kullum a waya nake ba ka labari kana cewa to. Ka zo ka gani da idonka, ko ka samu abin faɗa wa ɗalibanka." Da yake koyarwa ce sana'ata, wannan magana ta kama ni. Ina kammala ibada na kama hanya.

Daga Jidda zuwa Thuwal ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, fara fat, sai 'yan ƙayoyi jefi-jefi da turakun wutar lantarki. Teku na hagunka amma ba ka ganinsa, sai dai ka ji laimarsa a jiki da zarar an sauke gilashin mota. A ƙofar jami'a ba a shiga kai tsaye. Wanda zai karɓi baƙo shi ke nema masa izini tun kafin ya iso, masu tsaro su duba fasfo su tabbatar da suna, sannan su ɗaga sanda. Muna wucewa sai hamada ta ƙare. Ga dabino jere a gefen titi, ga ciyawa kore shar, ga motocin bas na kai-komo, yara kuma na ta tsere a kan kekuna. Wurin gari ne sukutum, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 36, da gidajen malamai da na ɗalibai, da makarantar yara, da asibiti, da kantuna, da masallatai. Mazaunansa sun fito daga ƙasashe fiye da 100.

Marigayi Sarki Abdullah ɗan Abdul'aziz ne ya kafa ta. An aza harsashi a 2007, kamfanin mai na Aramco ya jagoranci ginin, aka buɗe ranar 23 ga Satumba, 2009, wato ranar bikin ƙasa ta Saudiyya. Sarkin ya ce burinsa a sake raya irin Baitul Hikima na Bagadaza, gidan da malamai na addinai da harsuna daban-daban suka taru a zamanin Abbasiyawa suna fassara da nazari. Ya kuma yi abin da ya bambanta ta da yawancin jami'o'in da muka saba da su: ya ware mata waƙafi na biliyoyin daloli, domin ribarsa ta riƙa ɗaukar nauyin bincike. Ba a yin digiri na farko a nan, daga na biyu ne sai na uku. Da Turanci ake koyarwa, maza da mata kuma tare suke karatu. Shugabanta na farko, Choon Fong Shih, daga Singafo aka ɗauko shi, wanda ya gaje shi kuma, Jean-Lou Chameau, shugabancin Caltech ta Amurka ya bari ya zo.

Bayan mun ci abinci a masaukinsa, na yi masa tambayar da kowane uba zai yi. Na ce, "To ɗana, faɗa mini gaskiya, nawa kake biya a shekara? Don ni dai na san ba a aiko maka da ko sisi daga gida."

Ya yi murmushi ya ce, "Kawu, ai su ke biya na."

Ya zauna ya yi mini bayani dalla-dalla. Duk ɗalibin da jami'ar ta ɗauka, da tallafinta yake shiga. An ɗauke masa kuɗin makaranta gaba ɗaya. Ana ba shi gida a cikin harabar, da inshorar lafiya har da ta haƙori, da kuɗin jirgin tahowa. Bayan haka akwai alawus na wata-wata, wanda a shekara yake kamawa tsakanin dala 20,000 zuwa 30,000, gwargwadon matakin da ɗalibi ya kai. Mai iyali ma akwai tsarin da zai zo da matarsa da 'ya'yansa. Na duba ɗakin: ga gado, ga teburin karatu, ga kicin, ga firji, na'urar sanyaya ɗaki na aiki. Sai na tuna da ɗaliban digiri na uku da na sani a gida, masu koyarwa a makarantu biyu da rana, su yi ɗan kasuwanci da yamma, su tara kuɗin sinadarin gwaji daga albashinsu, sannan su jira wuta ta dawo kafin su kunna na'ura. Wasunsu sun fi shekara takwas suna abu ɗaya. Ƙwaƙwalwa suna da ita. Abin da suka rasa shi ne nutsuwa, ita kuwa nutsuwa ita ce jarin mai bincike. Kuɗin da ake ba ɗalibi a Thuwal lokacinsa ake saye da su, don kada ya tashi da safe da wani tunani sai na tambayar da yake neman amsarta.

Da safe muka nufi inda yake aiki. Gine-ginen karatu a cure suke wuri guda a bakin ruwa, ƙarƙashin wani makeken rufi da ke ba da inuwa, ta yadda mutum zai bi daga wannan zuwa wancan rana ba ta dake shi ba. A lokacin da na je, an kasa karatun gida uku: sashen halittu da muhalli, sashen kwamfuta da lantarki da lissafi, da sashen kimiyyar zahiri da injiniyanci. Ta bayan gilashi na tsaya ina kallon ɗakin gwaje-gwajensu. Wata ɗaliba ta zura hannuwanta cikin dogayen safar roba baƙaƙe da ke manne da wani akwatin gilashi rufaffe, tana ɗiga ruwan sinadari a kan ɗan gilashin da bai wuce farcen babban yatsa ba. An cire iska da laima daga akwatin saboda sinadarin ba ya jure su. Ɗan ƙanwata ya ce faifan sola da muke saye a kasuwa da silikon ake yin sa, kuma kusan kashi 20 zuwa 22 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kansa yake mayarwa wuta. Idan aka shimfiɗa wa silikon wani sinadari mai suna ferobiskayit, kowanne sai ya kama nasa launin hasken, abin da ake samu ya ƙaru. A 2023 ƙungiyar Farfesa Stefaan De Wolf ta wannan jami'a ta kai kashi 33.7 cikin ɗari, wanda a lokacin babu wanda ya kai haka a duniya. Matsalar da ta rage ita ce ƙarko: zafi da laima na lalata sinadarin da wuri. Shi ya sa suke jera samfurori a waje cikin ranar Bahar Maliya su ga wanda zai jure. Ƙura ma abokiyar gaba ce, har wani kamfani mai suna NOMADD ya tsiro daga jami'ar, yana ƙera na'urar share faifan sola ba tare da ruwa ba. Wanda ya taɓa hawa rufi da tsumma a lokacin hunturu a Kano ko Damagaram ya san darajar wannan aiki.

Inda na fi daɗewa shi ne wajen masu nazarin tsirrai. Wata abokiyar karatunsa, 'yar Afirka ta Yamma, ita ta yi mana jagora zuwa ɗakin gilashin da suke renon shuke-shuke. Tun daga nesa na hango wani fure ja-ja mai ruwan hoda a gindin gero cikin tukunya, gabana ya faɗi. Ƙuduji ne, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Na girma ina ganin yadda yake ƙone gonar gero da dawa, ganye ya yi rawaya, kara ya tsumbure, manomi ya tashi da rabin abin da ya sa rai. Ga shi nan a Saudiyya ana shayar da shi da gangan, an liƙa wa kowace tukunya lamba.

Ta miƙo mini wata 'yar kwalba ta ce, "Baba, duba irinsa." Sai da na kanne ido sannan na ga wani abu a ƙasan kwalbar kamar ƙurar da ke kwanciya a kan tagar ɗaki. Ta ce tsiro ɗaya yana zubar da iri dubbai masu yawa, kuma irin yana iya kwanciya cikin ƙasa fiye da shekara 10 yana jira. Ba ya tsira don ruwan sama kawai. Sai ya sha laima da ɗumi na 'yan kwanaki, sannan ya ji wani sinadari da saiwar gero ko dawa ko masara ke fitarwa, mai suna sitirigolakton. Da ya ji shi sai ya tsira, ya miƙa 'yar saiwarsa ya kama ta geron, ya shiga zuƙe ruwa da abinci. Kafin ya leƙo sama manomi ya gan shi, ya riga ya yi yawancin ɓarnar a ƙarƙashin ƙasa. Ta ƙara da cewa idan ƙasa ta gaji, musamman idan ta rasa sinadarin fosfaras, gero yana ƙara fitar da wannan sinadari. A nan na gane dalilin abin da tsofaffinmu suka daɗe da lura da shi, cewa ƙuduji gonar da ta rasa taki yake ci.

Dabarar da ƙungiyar Farfesa Salim Al-Babili ke bi ita ce a yaudari irin. Suna haɗa sinadari a ɗakin gwaji mai kama da na saiwar gero, a zuba a gona lokacin da ƙasa ta jiƙe kuma babu shuka a cikinta. Irin ƙuduji sai ya ɗauka abinci ya zo, ya tsira, ya nemi saiwar da zai kama ya rasa, cikin 'yan kwanaki ya mutu. Idan aka maimaita, tarin irin da ke cikin ƙasa sai ya yi ta raguwa. Gidauniyar Bill da Melinda Gates ta tallafa wa aikin, an kuma gwada shi a gonaki a Burkina Faso tare da masu binciken noma na ƙasar. Ta nuna mini faifan gilashi da ake jera irin a kan 'yar takarda mai laima, a leƙa ta madubin ƙara girma a ƙirga wanda ya tsira da wanda bai tsira ba. Da, ɗalibi kan wuni yana wannan ƙidaya har idonsa ya yi ja. Sai suka haɗa kai da masu ilimin kwamfuta na jami'ar, aka samar da manhajar ƙirƙirarriyar basira mai suna SeedQuant, wadda ke duba hoto ta ƙirga cikin daƙiƙoƙi.

Na fito daga ɗakin nan zuciyata cike da abu biyu. Na yi murna da ganin cewa ciwon gonar talakan Sahel ya samu masu kwana a kansa da kayan aiki na gani na faɗa. Na kuma ji zafin cewa yaran da suka tashi suna tuge ƙuduji da hannunsu a Katsina da Maraɗi da Gumel, waɗanda suka san warin gonar da ya cinye, ƙalilan ne daga cikinsu suka san ana ɗaukar ɗalibai a biya su don su yi wannan aiki.

Sauran wuraren a gurguje muka bi su. Akwai cibiyar nazarin tace ruwan teku, abin da Saudiyya ba ta wasa da shi, domin yawancin ruwan famfon da alhaji ke alwala da shi a Makka da Jidda daga teku aka tace shi, a irin tashar Shu'aiba. Akwai masu nazarin murjani da kifayen Bahar Maliya, da jirgin ruwansu na bincike. Akwai babbar kwamfuta mai suna Shaheen: ta biyu a jerinsu ta zo ta 7 a duniya a 2015, daga baya kuma aka kawo ta uku. Ɗalibin digiri na uku yana iya neman lokaci a kanta ya gudanar da lissafin da kwamfutar tebur za ta shekara ba ta gama ba. Mun kuma shiga gidan tarihin kimiyya da fasaha a Musulunci, inda aka ƙera samfurin agogon giwa na Al-Jazari, injiniyan da ya bayyana shi a littafinsa na 1206. Giwa ce ɗauke da hasumiya, a cikinta akwai kwano mai 'yar huda yana shawagi a kan ruwa. Ruwa na shiga a hankali, idan rabin sa'a ta cika kwanon ya nutse ya ja igiya, ƙwallo ya faɗo, mutum-mutumin da ke wuyan giwar ya buga. Yara 'yan makaranta sun kewaye shi suna jira, malamarsu na yi musu bayani da Larabci.

Bayan sallar Magariba a babban masallacin jami'ar, muka taka zuwa bakin ruwa inda wata hasumiya mai tsawon mita 60 take, mai ramuka-ramuka tun daga ƙasa har sama. A nan na ce masa, "Na ga daɗin. Yanzu faɗa mini wuyar."

Ya ce, "Kawu, wuyar ita ce babu uzuri. A gida idan aiki ya tsaya sai ka ce wuta ce ko kuɗi. A nan an ba ka komai, saura kai." Ya ce akwai jarrabawar tantancewa a farkon tafiya, wadda sai ka haye ta za a ci gaba da kai. Daga nan ka kare tsarin bincikenka a gaban kwamiti, ka yi shekaru kana gwaji, ka wallafa sakamako a mujallun da masana ke tacewa, sannan ka kare kundinka. Yawanci shekara huɗu ake yi ko sama da haka kaɗan. Wani lokaci ka yi wata uku kana gwaji ɗaya yana ƙin fitowa. Ga kewar gida, ga zafi da laima na bazara da ke hana fita da rana. Abin da ke sanyaya masa rai, in ji shi, shi ne Makka na kusa, ranar Juma'a ko Asabar da babu aiki mutum na iya zuwa ya yi ɗawafi ya dawo. Jirgin ƙasan Haramain mai gudu, wanda ya fara aiki a 2018, yana da tasha a Birnin Tattalin Arziki na Sarki Abdullah da ke arewa da Thuwal kaɗan, daga nan Madina ba nisa.

Na tambaye shi yadda ake shiga, na kuma rubuta amsarsa don ɗalibaina. Ta intanet ake nema, a shafin jami'ar, babu dillali a tsakani. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi zai samo gurbi, ɗan damfara ne. Ana buƙatar takardar sakamakon jami'a mai nuna maki darasi bayan darasi, da takardar tarihin karatu da aiki, da wasiƙun shaida daga malamai uku, da sakamakon jarrabawar Turanci ta IELTS ko TOEFL, da bayanin abin da mutum ke son bincikawa da dalilinsa. Wanda ya tsallake wannan sai a yi masa ganawa ta bidiyo. Mai digiri na biyu yana neman na uku kai tsaye, mai digiri na farko kuma da sakamako mai kyau yana iya neman tsarin da ya haɗa na biyu da na uku. Akwai kuma shirin ziyarar bincike na wata uku zuwa shida ga ɗaliban wasu jami'o'i, shi ma da tallafinsa, kuma da yawa ta nan suke fara sanin malamin da zai ɗauke su daga baya. Karatu na farawa a watan Agusta, amma ana rufe karɓar takardu watanni da yawa kafin nan, don haka shiri tun shekarar da ta gabata ake fara shi.

Ya jaddada mini abu ɗaya: a digiri na uku, malamin da zai duba aikinka shi ne ƙofa. Ka nemi farfesan da bincikensa ya dace da naka, ka karanta abin da ya wallafa kwanan nan har ka fahimta, sannan ka rubuta masa gajeriyar wasiƙa mai nuna ka karanta ɗin, da abin da kai za ka iya ƙarawa. Wasiƙa ɗaya da aka tura wa mutum hamsin, mai cike da roƙo da labarin talauci, ba ta samun amsa. Ya ce a kuma lura da inda jami'ar ta dosa. A 2023 Yarima mai jiran gado Muhammad ɗan Salman, wanda a lokacin yake shugabantar kwamitin amintattunta, ya sanar da sabon tsari mai karkata bincike zuwa abin da zai zama sana'a da amfani a ƙasa: lafiya, muhalli da ruwa da abinci, makamashi da masana'antu, da fasahohin gobe. Mai nema ya nuna inda tambayarsa ta shiga cikin waɗannan.

Da zan tafi ya raka ni har ƙofa, na sa masa albarka, na ce ya gama ya dawo ana jiransa. A hanyar Jidda lissafi na riƙa yi na abin da ke hannunmu mu malamai da iyaye. Gurbi irin wannan tun daga aji ɗaya na jami'a ake gina shi. Yaron da ya yi wasa da lissafi da fizis a shekarar farko, makinsa zai bi shi har ranar da zai cike fom. Aikin kammala digiri na farko, wanda da yawa ke kwafowa ko su biya a rubuta musu, shi ne shaidar farko da farfesa a wata ƙasa zai duba ya ga ko yaro ya iya tambaya ya kuma bi ta har ƙarshe. Wasiƙar shaida da malami ke rubutawa cikin layi uku don ya sallami ɗalibi tana iya rufe masa ƙofa, wadda aka zauna aka faɗi takamaiman abin da yaron ya yi kuma tana iya buɗe ta. Kuɗin jarrabawar Turanci da na fasfo suna da nauyi ga ɗan talaka, amma ba su fi ƙarfin dangi ko ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ko attajirin unguwa ba, idan sun gane abin da ke gaba. 'Ya'yanmu mata ma a sa su cikin wannan lissafi, domin na ga takwarorinsu daga Masar da Indunusiya da Pakistan da lulluɓinsu suna riƙe da manyan gwaje-gwaje.

KAUST ɗaya ce daga cikin jami'o'in duniya da ke biyan ɗalibin digiri na uku, kuma gasar shiga cikinta mai zafi ce, domin da haziƙan Sin da Indiya da Turai ake karawa. Amma mai nema yana tare da samu, kuma yaranmu na da abin da za su shiga gasar da shi. Zafin rana, ƙura, ƙarancin ruwa, gajiyar ƙasa da ƙuduji, waɗanda ake kashe miliyoyi ana nazarinsu a Thuwal, a cikinsu suka girma. Aikinmu shi ne mu sanar da su tun da wuri cewa wannan hanya tana nan, mu tsaya musu su gyara makinsu da Turancinsu da aikin bincikensu na farko, sannan idan sun je sun ƙware, mu tanadar musu wurin da za su dawo su yi aiki da abin da suka koyo.